Dakan Gidan Tanko

Rahamatu na zaune a inuwar rumbu tana tsince tsakuwa a hatsi. Mijinta Tanko kuwa yana tsaye a gaban turmi, ya tuɓe riga, ya ɗaura tsohon zanenta a ƙugu don kada dusa ta ɓata masa wando, ya riƙe taɓarya kamar mai shirin kashe kura.

"Maigida, sassauta," in ji ta tana danne dariya. "Hatsi ne, ba ɓarawo ka kama ba."

"Bon," in ji Tanko. Ita ke nan kalmar Faransanci ɗaya da ya tsinta a bakin direbobin kamyo, manyan motocin kaya, kuma ba ya barin ta ta huta. "Ke dai zauna. Yau ko ni ko turmin nan."

Ya saki taɓarya. Rabin hatsin ya yi tsalle waje, kaji suka sheƙo a guje suna sa masa albarka.

A shekarar 1964 ne, a Dogon Gawo, wani ƙauye na Damargu tsakanin Tanut da Falanko. A gefen garin akwai gidaje bakwai na Kirista da 'yar majami'arsu ta laka, maza a dama kan benci, mata a hagu kan tabarma. Tanko ne mai ba da waƙa ran Lahadi. Rahamatu daga wajen Maraɗi ya auro ta, ta yi lakwal, wato makarantar boko, aji huɗu, ta iya karatu har ta fi shi. Shekararsu uku tare, sau biyu tana samun ciki yana zubewa. Da na uku ya shiga, suka tafi gidan likita a Tanut da sunan sayen gishiri. Madam mai duba masu ciki a can ta duba ta, ta ɗaga yatsa ta ce: ba daka, ba ɗaukar tulu, sai ta sauka.

Ruwa da sauƙi, Tanko na da jaki. Amma a ce wa matar Damargu ba daka, ai an ce wa gida ba ci ke nan. Injin niƙa sai Damagaram. A roƙi maƙwabta kuma, sai an faɗi dalili, ita kuwa Rahamatu ta ce sau biyu ana yi mata barka tun abu bai yi ƙwari ba, sau biyu ana dawowa jaje. Wannan karon bakinta alaikum. Shi ya sa kowace hantsi Tanko ke ɗaure ƙofar zana da igiya biyu, ya ɗaura zane, ya hau aikin da ubansa da kakansa ba su taɓa yi ba.

Abu ɗaya suka manta. Darni yana ɓoye mutum, ba ya ɓoye ƙarar taɓarya. Kuma a Dogon Gawo kowace mace da hannunta ake gane ta. Mace na cikin ɗakinta za ta gaya maka wace ce ke surfe a ƙarshen gari, har ta gaya maka ko da fushi ta tashi. Dakan Rahamatu da, lumui yake tafiya kamar kiɗan ƙwarya. Yanzu kuwa sai a ji tim, a yi shiru kamar an mutu, sai tim-tim, sai wani ƙwas na taɓarya ta sami bakin turmi. Abin mamaki, mutumin da ke riƙe wa majami'a guda waƙa ba ya kuskure, shi ne ya kasa jera duka uku daidai.

Yagana mai fura, Musulmar da ke bayan darninsu, ita ta fara kai zancen rijiya. "Ku saurara," ta ce wa mata. "Wannan ba daka ba ne, duka ne. Yarinyar nan mijinta take gani a cikin turmin."

Kafin sati biyu magana ta yi reshe. An ce 'yar lakwal ta gaji da auren ƙauye. An ce ta daina zuwa rijiya don girman kai. An ce ga Tanko nan ya rame, tuwon tsaki take ba shi. Ramar kam gaskiya ce, tuwon tsakin ma gaskiya ne, sai dai hannunsa ne ya jawo masa.

Ran Lahadi bayan an tashi, mata suka kewaye ta a bakin majami'a.

"Rahamatu, me turmi ya yi miki?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Hannuna ne ya sake."

Aka yi dariya, ta haɗiye. Da suka koma gida Tanko ya ce zai fito ya faɗa. Ta ce, "Ka faɗa, gobe ka tsaya gaban maza ka ba da waƙa da wace fuska? Bari su yi da ni. Ni mace ce, an saba."

Ran kasuwar Falanko labari ya isa kunnen Inna Zalika, uwar Tanko, wadda ke zaune can wajen babbar 'yarta tun rasuwar mijinta. Mata biyar ta jera kafin ta sami Tanko, saboda haka tun yana rarrafe take gadinsa kada zama cikin mata ya lalata shi. Yana shekara biyar ya taɓa ɗaukar taɓarya da wasa, dukan da ya sha ran nan har yau in hadari ya taso yana tunawa. Dama can ba ta so auren 'yar lakwal ba. Ta ce ai ga irinta nan, ta hau jaki.

Ran Alhamis da hantsi ta iso, ta tsaya bayan darni tana saurare. Tim. Shiru. Tim-tim. Ƙwas.

"Salamu alaikum masu gida."

Tanko ya ji muryar har cikin ƙashinsa. Ya cusa wa Rahamatu taɓarya a hannu, ya fizge zanen ya jefa kan rumbu, ya zura riga a baibai, ya je yana kwance igiya.

"Inna, sannu da zuwa, ina gajiya, yaya su Yaya?"

"Gajiya ta bi lafiya. Ƙofa da igiya biyu da rana tsaka, zinariya kuke ajiya?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Mene ne wannan fari a girarka?"

"Tsufa ne, Inna."

"Tsufa. Ni da na haife ka ban yi furfurar gira ba."

Rahamatu ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa. Inna ta amsa da hanci. Da aka kawo tuwon rana ta kai loma ɗaya, ta tauna, aka ji ƙaras har bakin ƙofa. Ta ajiye akushi a hankali.

"Ke yarinya, haƙora shida suka rage mini, su kike nema?"

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Haƙuri na yi shi shekara uku. Ba ɗa, ban ce komai ba, na Allah ne. Amma mace ta kasa daka, me ya rage? Ubanmu Adamu aka ba hauya, ke aka ba turmi. Mu ba mu da saki, ba mu da ƙarin aure, na sani, ba sai an karanta mini ba. Amma ba inda aka hana mai da yarinya gidan uwarta ta koyo aiki. Gobe da safe za ki daka tiya uku a gabana. In na ji abin da na ji yau, ran Asabar kamyon Damagaram zai tafi da ke, daga can ki nemi na Maraɗi. Sai ran da na aika."

Kowa ya san irin wannan aiken. Akan yi shekaru ana jiransa.

Da la'asar, Inna ta tafi gaida mutane, su biyu suka laɓe bayan rumbu.

"Mu gaya mata," in ji Tanko.

"To gaya mata."

"Ni? In dubi Inna in ce mata matata na da... haba. Ke dai ki faɗa, ku mata ne."

"Surukata? Da bakina? Gara ƙasa ta tsage." Hawaye suka zubo mata. "To ka ce mata kai ke dakan."

Tanko ya shafa ƙeya, daidai inda aka dake shi yana shekara biyar.

Rahamatu ta share ido da bakin zane. "Shi ke nan. Zan daka a hankali. Tiya uku ce kawai. Allah na nan."

Ya buɗe baki, ko "bon" ɗin ma ta ƙi fitowa.

Da safe Inna ta gayyato shaidu: Yagana mai fura, da Mariyama matar Baba Mailafiya, dattijon da ke riƙe da majami'a. Mariyama ita ce ungozomar unguwar, tsohuwa mai ƙaramin jiki da kaifin ido. Aka shimfiɗa tabarma kamar za a ga dambe. Tanko ya koma gefe yana gyaran ƙotar hauyar da ba abin da ya same ta.

Rahamatu ta zuba hatsi, ta yayyafa ruwa, ta ɗaga taɓarya. Ta saki ɗaya. Ta saki biyu. A na uku ta tsaya, hannunta na hagu ya tafi ƙugu, ta ciji leɓe. Ta sake ɗagawa.

Tanko ya yar da hauya. Taku uku ya yi ya riƙe taɓaryar a sama.

"Saki," ya ce mata. Ya juya wajen uwarsa. "Inna, ba za ta daka ba. Ni na hana ta."

"Ka hana ta? To wa ke dakan gidan nan, aljanu?"

Ya gyara tsayuwa ya saki taɓarya. Tim. Shiru. Tim-tim. Ƙwas.

Yagana ta dafe ƙirji. "Wallahi shi ne. Wannan hannun ne ya hana ni barcin hantsi wata biyu." Dariya ta kwashe ta har ta faɗa jikin Mariyama. Mariyama ba ta yi dariya ba, Rahamatu take kallo.

Inna Zalika ta zame daga tabarma ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannu a ka. "Mata biyar na haifa, na roƙi Allah namiji, ya ba ni. Ashe raino na yi wa wata ta cika mini su shida. Ke yarinya, me kika ba shi ya ci? Ba sai an jira wani daka ba, ɗaure kayanki."

"Inna, a gaban jama'ar Allah aka ɗaura auren nan," in ji Tanko. "In za a raba mu, a je can a raba."

"A je. Mailafiya ai ya san Littafi."

Kafin la'asar ba gidan da bai ji ba. Majami'a ta cika kamar ran Kirsimati, har maƙwabta Musulmi suka zo suka tsaya a inuwar gawo wai iska suke sha. Tanko ya shiga zai zauna kan benci, Hamma maƙeri ya baje ƙafafu ya nuna masa hagu. "Ga wurinki can kan tabarma, amarya." Maza suka bushe da dariya. Tanko ya tsaya a tsakiya, bai zauna ko'ina ba.

Baba Mailafiya ya ɗaura tabaransa mai igiya, ya yi addu'a, ya saurari ƙarar Inna daga bakin Hamma, don a majami'ar nan mace ba ta magana in maza na zaune, sai dai ta raɗa wa namiji ya faɗa. Sannan ya buɗe Littafi inda ya saba buɗewa, wurin har ya yi baƙi don yatsa.

"Abin a fili yake," ya ce. "Miji shi ne kan gida. Mace ta yi biyayya. In kai ya koma ƙafa, ƙafa ta koma kai, da me za a yi tafiya? Tanko, kana da magana?"

"Bon. Baba, a gidana wane ne kai?"

"Kai ne mana. Da."

"To ni kan gida na ba da umarni. Na ce kada ta taɓa taɓarya. Ta roƙe ni, na ƙi. Ta bi. Wata biyu garin nan na yi mata dariya, ana ce mata malalaciya, ana ce mata mai girman kai, kalma ɗaya ta ishe ta ta wanke kanta, ba ta faɗa ba don kada a yi da ni. In akwai wadda ta fi ta biyayya a kan tabarmar nan, a nuna mini. Yanzu don ta bi mijinta za a sa ta a kamyo?"

Baba Mailafiya ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "To... amma ai kai ba ya daka."

"A ina aka rubuta, Baba? Karanta mana mu ji."

Dattijo ya lashi yatsa ya shiga buɗe shafi. Ya yi gaba, ya yi baya, ya leƙa har wajen annabawa. Zufa ta fara ɗiga daga gemunsa. Majami'a ta yi tsit, sai ƙarar takarda.

Sai Mariyama ta tashi daga tabarma, ta fita ta ƙofar mata. Aka ɗauka fitsari ya matsa ta. Can sai ga kanta ya ɓullo ta taga, daidai kunnen mijinta.

"Malam, yanzu ina waje, ko?"

"Kina waje."

"To zan yi magana. Rufe Littafin nan, ba za ka samu ba ko ka kwana. Wanda muke bi ma ya ɗaura zane a ƙugu ya wanke wa mabiyansa ƙafa, aikin bayi, ba mu ji an ce ya koma tabarma ba. Kuma duk cikinku mai gemu da marar gemu ba wanda ya tambayi yaron nan dalili. Zalika, fito, sauran maganar ba ta maza ba ce."

Inna ta fita tana ƙunƙuni. Mariyama ta ja ta bayan gini.

"Haihuwa nawa kika yi?"

"Tara. Shida suka tsaya."

"Haihuwa tara, ido biyu, amma ba ki ga wuyan yarinyar nan ba? Ba ki ga inda hannunta ya tafi da safe ba? Ni ma na makara, sai yau na duba da kyau. Ya kusa wata huɗu. Biyu sun zube mata a gidan nan, kin sani. Wannan ne suke riƙo da hannu bibbiyu, ke kuma kika zo kika auna mata tiya uku."

Inna Zalika ta jingina da bango. Cikin ukun da ta rasa, ɗaya a gindin turmi ya tafi, ranar sussukar gidan surukai, kuma ba wanda ya karɓar mata taɓarya.

Ta koma ciki, ta ratsa mata, ta zauna kusa da Rahamatu. Dokar shiru kuwa ta manta da ita sam.

"Ke yanzu da ya bar ki, da kin daka?"

"Kin ce in daka, Inna."

Tsohuwa ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗa, ta gyara mata kallabi, su biyu suna kuka. Matan da suka yi dariya a bakin majami'a duk suka shiga neman abu a ƙasa. Maza kuwa ba su gane komai ba, suna ta duban juna.

Sai Inna ta share hawaye ta juyo kan ɗanta. "Kai kuma sakarai, Falanko a bayan duniya take? Uwa gare ka da yayye biyar, kowace da hannu biyu. Me ya hana ka aiko?"

"Kunya, Inna."

"Kunyar uwarka ka ji, ba ka ji ta ɗaura zane ba? Na gan shi a kan rumbu, kada ka ce tsufa ne."

Hamma maƙeri ya matsa a kan benci ba tare da ya ɗago kai ba, Tanko ya zauna. Baba Mailafiya ya rufe Littafi ya ce shari'a ta ƙare, ko da yake har aka tashi bai san yadda ta ƙare ba, sai a gida aka yi masa bayani.

Ran Asabar kamyo ya zo ya wuce, Rahamatu na kwance a inuwa Inna na dama mata fura. Inna ta aika Falanko a kawo mata kayanta, ta ce ba inda za ta sai ta ga abin da za ta gani. Matan majami'a suka raba kwanaki, kowace da ranar da za ta zo daka, Yagana ma ta ce a sa ta a layi, ko don ta fanshi bakinta. Ran Lahadi Baba Mailafiya ya buɗe wurin nan mai baƙin yatsa, sai ya gangara ƙasa kaɗan, inda aka ce miji ya ƙaunaci matarsa har ya ba da kansa dominta. Shekara goma sha ɗaya yana wa'azi bai taɓa sauka nan ba. Ran nan matan tabarma suka ce amin har sau uku, 'yan benci suka yi ta tari.

Bayan an gama yankan hatsi Rahamatu ta sauka lafiya, 'ya mace, aka sa mata Raliya. Inna Zalika da ta yi rabin rayuwarta tana roƙon namiji, ita ce ta hana kowa ɗaukar jaririyar.

Har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa daka aikin maza ne ba. Amma in wani ya kira ɗanta Tanko mai taɓarya a gabanta, sai ta ce, "Naka mijin ko naka uban, me ya taɓa ɗauke wa matarsa ban da murfin akushi?"

To samari da 'yan mata, ga abin da ke ciki. Rahamatu ta ɗauki kunyar mijinta ta yi shiru da ita, Tanko ya ɗauki kayan matarsa aka yi masa dariya, Allah ya biya su duka biyu a zanen goyo ɗaya. Wanda ke son a kira shi kan gida, ya tuna a kai ake ɗora kaya. Iyaye kuma, kafin ku yanke wa 'yar wani hukunci, ku tambayi dalili, don ba kowane shiru ne rashin gaskiya ba.